Shigar da bayanan ciniki cikin manhajar hasashen buƙata

Shigar da bayanan ciniki cikin manhajar hasashen buƙata shi ne ɗaukar tarihin cinikin wani shago ko kamfani a zuba shi cikin manhajar kwamfuta, domin ta ƙiyasta yawan kayan da za a nema nan gaba. Masu sari da masana'antu ne suka fi amfana da shi wajen sanin abin da za su saro, kada kaya su yanke, kada kuma jari ya kwanta a sito.

Lissafin da manhajojin ke yi ya girmi kwamfutar tebur. Wani masani, Charles Holt, ya fitar da tasa hanyar hasashen a 1957, Peter Winters ya faɗaɗa ta a 1960 yadda za ta riƙa lura da kakar ciniki, wato lokutan shekara da ciniki kan hau ko ya sauka. A 1972 Croston ya kawo hanyar da ta dace da kayan da ake saye jefi-jefi. Manhajar Prophet, wadda Facebook ya saki kyauta a 2017, tana barin mai amfani ya shigar da ranakun bukukuwan garinsa.

Yadda ake shigarwa

Yawanci ana amfani da fayil ɗin CSV (jerin bayanai a rubutu zalla, da waƙafi a tsakaninsu) ko na Excel. Manyan kamfanoni kan haɗa manhajar kai tsaye da na'urar da ke fitar da rasit. Kowane layi na fayil yana buƙatar aƙalla abu uku: kwanan wata, lambar kaya, da adadin da aka sayar. Ana iya ƙara farashi, reshe da ragowar kaya a sito. Kafin manhaja ta gane kakar ciniki, ana son tarihin shekara biyu ko fiye.

Kurakuran farko ƙanana ne amma suna ɓata lissafi. 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, manhajar da aka saita da tsarin Amurka kuwa za ta karanta 4 ga Maris, shi ya sa ake fara rubuta shekara, sai wata, sai rana. Excel na share sifilin da ke farkon lambar kaya. Idan ba a adana fayil da tsarin haruffa na UTF-8 ba, haruffan ƙ, ɗ da ɓ kan rikiɗe.

Abin da ya shafi kasuwannin Kano

Ma'auni ne matsala ta farko. A Kantin Kwari ana sayar da atamfa da turmi, wato yadi shida, ana kuma sayarwa da dila. A kasuwar Singer katan ne da dozin, a Dawanau buhu da kwano, kuma buhun wannan hatsi bai kai na wancan nauyi ba. Dole kowane kaya ya tsaya kan ma'auni ɗaya da suna ɗaya, domin abin da yaron shago ya rubuta da suna uku, manhaja kaya uku take gani.

Babban tarnaƙi shi ne kalanda. Manhajoji na neman abin da ke maimaituwa a watannin Miladiyya, cinikin Kano kuwa yana bin na Hijira, wanda shekararsa ta gaza da kusan kwana 11. An fara azumi a Najeriya ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, sannan 1 ga Maris a 2025. Idan ba a gaya wa manhaja haka ba, za ta ɗauka sukari da gero da dabino kayan watan Maris ne, ta sa a saro su bayan buƙatar ta wuce. Ana shigar da ranakun azumi, Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi a wani fayil daban, tare da makonnin da ke gabansu, tunda mai ɗinkin Sallah tun kafin azumi ya yi nisa yake sayen shadda. Ganin wata na iya sauya ranar da kwana ɗaya, amma wannan bai cika yi wa hasashe illa ba. Kaka da damina kuwa suna bin shekarar rana, don haka ɗan kasuwar hatsi na aiki da kalanda biyu a lokaci guda.

Akwai kuma lokutan da ba su kamata a koya wa manhaja a matsayin al'ada ba: rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kullen korona da aka sa wa Kano a Afrilun 2020, ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Ana yi musu alama ne, ba a goge su. Saboda hauhawar farashi da ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, hasashe da adadin kaya ya fi hasashe da naira inganci, domin kuɗin ciniki na iya ƙaruwa alhali katan ɗin da ke fita ya ragu.

Littafin ciniki kuma abin da aka sayar kawai yake nunawa. Makon da kaya suka yanke zai fito da sifili, manhaja ta ɗauka ba a nema ba ne, ta rage hasashe, kayan su sake yankewa. Wannan kuskure yana da tsada, kuma ana yawan mantawa da shi. Maganinsa a riƙa rubuta ranakun da sito ya ƙare. Kayan da aka bayar bashi ana lissafa su ranar da suka fita, ba ranar biya ba, waɗanda aka dawo da su kuma a cire su daga adadin.