Bin Sawun 'Yan Damfara ta Sunan Asusu

Bin sawu ta sunan asusu hanya ce ta bincike a intanet, inda ake ɗaukar sunan da mutum ya yi rajista da shi a wani dandali, a neme shi a sauran dandali, don a gano ko hannu ɗaya ne ke riƙe da asusun duka. Sunan asusu shi ne abin da masu waya suka fi sani da yuzanem, wato wanda ke biyo bayan alamar @ a Instagram, TikTok, X ko Telegram, ko wanda ke ƙarshen adireshin shafin mutum a Facebook. Daban yake da sunan da ake rubutawa a goshin shafi. A goshi, mata dubu na iya zama Hajiya Fati a dandali guda, amma sunan asusu mutum ɗaya ne kawai ke riƙe da shi a kowane dandali a lokaci ɗaya. 'Yan jarida da 'yan sanda da ma'aikatan tsaron bankuna suna amfani da wannan hanya, haka ma wanda aka cuce shi ya zauna da wayarsa yana neman bakin zaren.

A Gana, damfarar intanet tana da suna da ya fito daga bakin Hausawa: sakawa, daga kalmar saka. Kalmar ta bar zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, ta shiga Turancin jaridu da harshen Twi, ana nufin damfarar da ake haɗawa da tsafi, daga baya kuma kowace irin damfara ta waya. Matasan Nima, Mamobi da Sabon Zango a Akra, da na Asawase da Aboabo a Kumasi, sun daɗe suna ɗauke da tabon wannan suna, alhali da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa wayon a cikin waɗannan unguwanni suke: mai sayen atamfa ta Instagram, uban da ke neman wa ɗansa gurbin soja ko ɗan sanda, da maniyyacin da aka yi wa alkawarin kujerar Makka a farashi mai rahusa.

## Abin da ke sa suna ya maimaitu

Ɗan damfara ba ya aiki da asusu ɗaya. Ana rufe masa wannan, ya buɗe wancan, kuma yakan ajiye wasu suna kwana, su tsufa, don asusun da aka buɗe jiya ba ya samun amincewa. A watan Yulin 2024, kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda damfarar tsoratar da mutane da hotunan tsiraici, kuma a cikinsu akwai wajen 2,500 da aka alaƙanta da mutum kamar 20 kacal. Wanda ke juya asusu sama da ɗari ba zai iya ƙago wa kowanne sabon suna ya kuma haddace ba. Sai ya koma ga abin da hannunsa ya saba: laƙabinsa na unguwa, shekarar haihuwarsa, lambar 233 ta kiran Gana, ko haruffan "gh" a ƙarshe. In an rufe na farko, sai ya ƙara ɗigo ko lamba 2, ko ya mayar da harafin "o" sifiri.

Akwai kuma dalilin kasuwa. Mai sayar da kayan ƙarya yana so sunansa na TikTok ya dace da na Instagram, domin wanda ya gan shi a wuri biyu zai ɗauka ɗan kasuwa ne na gaske. Abin da ke jawo masa masu saye, shi ne kuma ke haɗa asusunsa wuri ɗaya a idon mai bincike.

Dalili na uku shi ne mantuwa. Kafin mutum ya shiga sana'ar, ya yi shekaru yana yawo a intanet ba tare da ɓoye komai ba: ya buɗe imel, ya saka wayarsa a kasuwa, ya yi gardamar ƙwallo, ya ɗora hoton salla. Waɗannan tsofaffin shafuka ba sa gogewa don mai su ya canza hali.

A 2011, wasu masu bincike na cibiyar INRIA a Faransa, ciki har da Daniele Perito, sun nazarci sunayen asusu kimanin miliyan 10, suka nuna cewa ana iya auna yadda suna yake da wuyar samu, kuma gwargwadon baƙuntarsa, gwargwadon yiwuwar mutum ɗaya ne ke da shi a wurare daban-daban. Sunan da aka haɗa da Musa da lamba 1 bai nuna kowa ba. Wanda ya haɗa laƙabi, sunan lungu da wata lamba mai haruffa huɗu, da wuya a samu mutum biyu sun ƙago shi.

## Yadda ake binciken

Aikin farko ba nema ba ne, adanawa ne. Da zarar ɗan damfara ya ji an farga, zai sauya suna ko ya toshe wanda ya cuta. Don haka akan fara da ɗaukar hoton allo na shafin, da hirar, da saƙon shaidar tura kuɗi, a kuma kwafe cikakken adireshin shafin harafi da harafi. Nan ne mutane da yawa ke yin asara: sun riƙe sunan goshi, ba su riƙe na asusu ba.

Daga nan sai a saka sunan tsakanin alamun zance a Google, a gwada shi a kowane dandali, sannan a gwada 'yan uwansa: da ɗigo, babu ɗigo, da lamba, babu lamba. Akwai manhajojin da ke yin wannan a dunƙule. WhatsMyName, wadda Micah Hoffman ya fara, tana aiki a burauza. Sherlock da Maigret kuwa a kwamfuta ake sarrafa su, kuma dukansu kyauta ne. Aikinsu ba shi da wani sihiri. Manhajar tana liƙa sunan a ƙarshen adireshin ɗaruruwan shafuka, ta aika tambaya ga kowanne, ta duba amsa. In amsar ta zo da lambar 404, babu mai wannan suna a wurin. In ta zo da 200, akwai alamar yana nan. Alama ce kawai, domin wasu shafukan suna amsa 200 ko da babu kowa, wasu kuma ba sa nuna komai sai an shiga da kalmar sirri. Dole mutum ya buɗe kowane sakamako da idonsa.

Dandalin ma da kansu suna tona wani abu. A Instagram, sashen bayani game da asusu yana nuna watan da aka buɗe shi, ƙasar da yake, da sau nawa aka sauya masa suna. Shagon da ke cewa ya shekara goma yana ciniki, amma an buɗe shi watan jiya, ko an sauya masa suna sau takwas, ya riga ya faɗi abin da yake. Shafukan kasuwanci na Facebook suna nuna ranar buɗewa da tsofaffin sunayensu. Ban da haka, kowane asusu a Facebook ko X yana da wata doguwar lamba da ba ta canzawa ko an canza suna, kuma masu bincike sun fi dogara da ita. Rumbun Wayback Machine kan ajiye hoton yadda wasu shafuka suke a da, ko da yake ba kowane shafi yake kamawa ba.

WhatsApp, inda yawancin cinikin ke ƙarewa, a kan lambar waya aka gina shi. A nan lambar ce ke tsayawa a matsayin suna, kuma ana neman ta kamar yadda ake neman suna.

## Misali daga zango

A ɗauka wata mai ɗinki a Aboabo ta ga leshi a wani shafin Instagram da ke cewa shagonsa a Nima yake. Aka koma WhatsApp. "Hajiya, ki tura rabin kuɗin ta MoMo, gobe da asuba zan sa miki a motar Kumasi, direba zai kira ki." Ta tura sidi 600 ta MoMo ɗin, wato asusun kuɗi na layin waya. Gari ya waye, direba bai kira ba, zuwa azahar an toshe ta.

Ƙaninta ya karɓi wayar. "Yaya, kin ɗauki hoton shafin?" Ta ɗauka, don ta nuna wa mai kayan biki kalar leshin. A saman hoton akwai sunan asusun: kalmar "leshi", wani laƙabi, da lamba 0417. Ya neme shi a TikTok, ya samu laƙabin da lambar, amma can wayoyin hannu ake sayarwa, kuma a ƙarƙashin wani bidiyo mutum uku suna kukan an karɓi kuɗinsu. A Telegram, laƙabin da lambar suna tallan gurbin aikin kwastan. A Facebook kuma ya ci karo da wani tsohon asusu mai wannan laƙabi, wanda aka daina taɓawa shekaru shida da suka wuce, da hoton wani saurayi a bakin masallaci ranar Idi.

Asusu ukun farko sun haɗu da hujja mai ƙarfi: suna ɗaya, lambar MoMo ɗaya, irin kuskuren rubutu ɗaya. Na huɗun, mai fuska, suna kawai ya haɗa shi da su. Shi ne kuma wanda zuciya ta fi son a watsa a zauren WhatsApp na unguwa, kuma shi ne mafi rauni a cikin duka.

## Shari'o'in da aka sani

Wadda aka fi ambato ita ce ta Ross Ulbricht, wanda ya kafa Silk Road, kasuwar miyagun ƙwayoyi ta ɓoyayyen intanet. A Janairun 2011, wani mai suna "altoid" ya yi tallan kasuwar a dandalin tattaunawa. A Oktoban shekarar, "altoid" ya sake fitowa yana neman ƙwararren mai kwamfuta, ya bar adireshin imel mai ɗauke da sunansa na gaskiya. A 2013 wani jami'in hukumar haraji ta Amurka, Gary Alford, ya haɗa saƙonnin biyu ta hanyar binciken Google, aka kama Ulbricht a wani ɗakin karatu a San Francisco a watan Oktoban shekarar.

Ramon Abbas, ɗan Nijeriyar da aka sani da Hushpuppi, ya baza laƙabinsa a Instagram da Snapchat da adireshin imel. An kama shi a Dubai a Yunin 2020, kotu a Los Angeles ta ɗaure shi wata 135 a Nuwamban 2022. A shari'o'in biyu, sunan ya nuna ƙofa ne kawai. Abin da ya tsaya a gaban alƙali shi ne bayanan da kamfanoni suka miƙa bisa umarnin kotu, da na'urorin da aka kama.

## Inda hanyar ke kuskure

Kama da wane ba ta wane. Suna ɗaya a dandali biyu na iya zama na mutum biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba, musamman a zango, inda Abdul, Baba, Alhaji da Hajiya ke cike da kowane lungu. Wasu dandalin kuma suna sakin sunan da mai shi ya bari, wani ya ɗauka.

Babbar matsalar ita ce kwaikwayo da gangan. Mai damfara da sunan ɗan majalisa, malami ko wani shago sananne, sunan mutumin kirki yake ara, ya canza harafi ɗaya: ƙaramin "l" ya zama babban "I", waɗanda a allon waya ba a bambance su. Wanda ya bi wannan sawu ba tare da lura ba, ƙofar wanda aka zalunta zai ƙwanƙwasa. Haka asusun da aka sace: duk tarihinsa na mai shi ne na asali, ɓarawon bai bar komai nasa a ciki ba. Hotunan ma galibi na sata ne, shi ya sa ake haɗawa da binciken hoto ta Google Lens ko TinEye.

Sunan da ke fitowa a MoMo kafin a danna lambar sirri yana da amfani, amma shi ma ba ƙarshen magana ba ne. Tun Oktoban 2021 aka fara sake rajistar layukan waya da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, sai dai 'yan damfara kan yi amfani da layin da aka yi wa rajista da katin wani, ko su biya wani ya karɓar musu kuɗi. Sunan tsohuwar da ya bayyana a allo, mai yiwuwa ba ta san an buɗe asusu da katinta ba.

Wanda ya ƙware a sana'ar kuwa, yana sayen tsofaffin asusu ne ko ya bar manhaja ta ƙago masa suna, don haka hanyar ta fi kama malalata da sababbin shiga. Su ɗin ma ba kaɗan ba ne.

## Doka da kai ƙara a Gana

Duba abin da mutum ya baza a fili ba laifi ba ne. Shiga asusun wani da kalmar sirrin da aka yi hasashenta ko aka sata laifi ne a ƙarƙashin dokar mu'amalar lantarki ta 2008, mai lamba 772, ko da asusun na ɓarawo ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, ta tsara yadda ake tattarawa da amfani da bayanan mutum, kuma wanda ya watsa hoton wani da sunan ɗan sakawa bisa kuskure yana iya fuskantar ƙarar ɓata suna. A unguwar da gidaje ke manne da juna, hoto kan isa ga fusatattun matasa tun kafin ya isa ofishin 'yan sanda.

Ita damfarar kanta tana ƙarƙashin sashe na 131 na dokar manyan laifuka ta 1960, mai lamba 29, wanda ya shafi karɓar dukiya da yaudara. Dokar tsaron intanet ta 2020, mai lamba 1038, ita ta kafa Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, CSA, ta kuma ba jami'in bincike damar neman umarnin Babbar Kotu don kamfani ya miƙa bayanan mai asusu. Ana kai rahoto ga hukumar ta kira ko tura saƙo zuwa 292. Sashen laifukan intanet na 'yan sandan CID, mai hedikwata a Akra, da EOCO, ofishin yaƙi da laifukan tattalin arziki da na gungun masu laifi, da aka kafa a 2010, su ke bin manyan shari'o'i. Idan ta MoMo aka tura kuɗin, kamfanin layin ake fara kira, tun kafin a ciro kuɗin a wurin wakili, sannan a je da hotunan allo, adireshin kowane asusu, da lambar shaidar tura kuɗin da ta zo a saƙo.