Rufe iyaka na rage zubar da jini? Tambayoyi da amsoshi

A teburin mai shayi a Dei-Dei nan Abuja muka yi wannan musu da wani direba ɗan Illela. Ga tambayoyin da suka taso.

Me ya sa ƙauyukan bakin iyaka ke shan wuya haka?

Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, tun daga Kebbi har Borno. Ƙofofin hukuma 'yan kaɗan ne, irin su Kamba, Illela, Jibiya da Maigatari. Sauran duk daji ne da hanyoyin babur. Ɗan bindiga zai yi ɓarna a Sabon Birni, kafin sojoji su iso ya tsallaka ɓangaren Maraɗi, sojan namu kuwa ba shi da hurumin bin sa can.

To, a rufe iyakar mana?

An gwada. Gwamnatin Buhari ta rufe a Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, sai Disambar 2020 aka fara buɗewa. Kwastan har ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Amma bindiga ba ta ƙofa take shigowa ba. Wanda ya ji a jikinsa shi ne ɗan dako da ɗan acaɓa da mai tuwon tasha. Direban nan ya ce a lokacin yara masu lodi a tashar garinsu sun watse, wasu har yau bai san inda suka nufa ba. Ni dai a ganina, saurayin da aka toshe wa hanyar abinci ba ya wuyar saye.

Katse layin waya fa?

A Satumbar 2021 aka yi haka a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. An takura wa 'yan bindiga, gaskiya ne, amma ƙauyawa ma sun rasa hanyar neman agaji. A Oktoban shekarar aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo ta jihar Sakkwato.

Akwai abin da ya taɓa yin aiki?

Haɗin kai da maƙwabta. A 2015 sojojin Chadi da Nijar ne suka fatattaki Boko Haram daga Damasak. Sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya ɓata zumunci, a Maris 2025 kuma Nijar ɗin ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. A tsakanin nan 'yan bindigar Lakurawa suka ƙara ƙarfi a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato.

Ina maganar raya ƙasa?

Tun 2003 akwai dokar kafa hukumar raya garuruwan iyaka, ofishinta na nan Abuja. Da na faɗa wa direban, sai ya ajiye kofinsa ya ce shi bai taɓa jin sunanta ba. Ya ce 'yan uwansa na ƙauye, in ciwo ya tashi da dare, asibitin Ƙonni da ke cikin Nijar suke nufa.