Ƙawata gidajen haya na ɗan lokaci a lokutan bukukuwa

Ƙawata gidajen haya na ɗan lokaci shi ne adon da mai gida ko wakilinsa ke yi wa gidan da ake ba baƙi haya na 'yan kwanaki, domin wanda ya sauka a lokacin Kirsimeti, sabuwar shekara, Sallah ko wani biki ya tarar da alamar bikin a masaukinsa. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka, Kanada, Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, inda Kirsimeti ke faɗowa a tsakiyar sanyi, dangi kuma kan haɗa kuɗi su kama gida guda su taru a ciki.

Wannan ado ya sha bamban da na gidan zama da kuma na otal. Mai ƙawata gidansa ya san abin da iyalinsa ke so, kuma yana nan yana lura. Otal na da ma'aikata dare da rana. A gidan haya na ɗan lokaci kuwa, wanda ya yi adon ba zai kwana a gidan ba, wanda zai kwana kuma galibi ba a taɓa ganinsa ba: ba a san addininsa ba, ba a san ko da jariri zai zo ba, ba a san ko ƙamshi na tayar masa da asma ba. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to amma a nan sau da yawa baƙo lambar buɗe ƙofa kawai ake tura masa ta waya, don haka abin da ya tarar a falo shi ne marabar da aka yi masa. Kusan duk ƙa'idojin wannan sana'a daga nan suka samo tushe.

Asali

Ba da hayar gidajen hutu ya daɗe a ƙauyukan Ingila, gaɓar tekun Faransa da garuruwan wasan dusar ƙanƙara. Intanet ce ta mayar da shi babbar kasuwa. An kafa Vrbo, shafin kama hayar gidaje ta intanet, a Amurka a 1995, takwararta Airbnb kuma ta fara a San Francisco a 2008 a hannun Brian Chesky, Joe Gebbia da Nathan Blecharczyk. Da hakan dubban mutanen da ba su taɓa aikin otal ba suka zama masu masauki, baƙi na zaɓar gida ta hoto, suna kuma ba shi taurari bayan sun tafi. A Airbnb, mai gida ba ya samun matsayin gwanin masauki sai matsakaicin taurarinsa ya kai 4.8 cikin 5. Saboda haka ƙaramin abu, kamar bishiyar Kirsimetin da ta tare hanyar kicin, yana iya taɓa aljihunsa.

Kayan adon kansu sun girmi wannan kasuwa nesa ba kusa ba. Bishiyar Kirsimeti al'adar Jamusawa ce tun ƙarni na 16, ta kuma yaɗu a Birtaniya bayan jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert a gaban bishiyarsu a 1848. Da kyandirori ake haska ta a wancan zamani. A 1882 ne Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya naɗa wa tasa bishiyar ƙwayayen lantarki 80 a New York.

Abin da ake sakawa da lokacinsa

Mafi yawan masu gida ba sa wuce abubuwa kaɗan: kambun ganye a ƙofar shiga, igiyar ƙananan fitilu a baranda ko bakin taga, bishiya ɗaya a kusurwar falo, rigunan filo ja ko kore, sai ɗan kwandon biskit da shayi ko koko a kan tebur. A Amurka ana fara ado bayan bikin Godiya, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, a kwashe a makon farko na Janairu. A Birtaniya al'ada ce a sauke shi zuwa 5 ko 6 ga Janairu. Sai dai ba kowane Kirista ke biki ranar 25 ga Disamba ba. Kibɗawan Masar, Habashawa da Rashawa ranar 7 ga Janairu suke nasu, don haka baƙo daga cikinsu na iya isowa a daidai ranar da aka gama kwashe komai.

Akwai wuraren da adon ya zama cikin abin da ake saya. Gidajen katako na Gatlinburg da Pigeon Forge a jihar Tennessee, kusa da tsaunukan Smoky, da yawansu na sanya bishiya tun Nuwamba, kuma ana rubuta hakan a tallar gidan. Haka abin yake a Strasbourg, mai kasuwar Kirsimeti tun 1570, da Rovaniemi ta ƙasar Finland, wadda ta gina yawon buɗe idonta a kan bikin, har mazauna garin suka fara kokawa cewa gidajen baƙi na cinye gidajen zama. A irin waɗannan wurare gida marar ado shi ne abin mamaki. A Ostireliya da Afirka ta Kudu kuwa Disamba lokacin zafi ne, kuma gidan bakin teku ba ya buƙatar dusar ƙanƙara ta roba.

Wa aka yi wa adon?

Nan ne masu gidaje suka fi rabuwa. Wasu na ganin duk wanda ya kama gida a makon Kirsimeti biki ya zo yi, kuma yaro zai ji babu daɗi idan ya farka ba bishiyar da za a jera kyaututtuka a ƙarƙashinta. Wasu na cewa baƙin Disamba ba iri ɗaya ba ne. Akwai Musulmi, akwai Yahudun da ke bikin Hanukka na dare takwas, akwai 'yan Hindu, akwai ma'aikacin jinya da aka turo aikin wata guda. Akwai kuma wanda aka yi wa rasuwa, ya baro gidansa ne takanas don kada ya ga abin da zai tuna masa da mamacin. Irin wannan mutum idan ya buɗe ƙofa ya ga safunan kyauta rataye a bakin murhu, an taɓa masa inda ke yi masa ciwo, alhali alheri aka yi nufi.

Daga wannan muhawara aka samu hanyoyi biyu da suka fi karɓuwa. Ta farko ita ce adon yanayi maimakon adon addini: fitilu farare, rassan itace, barguna masu kauri, ba gicciye, ba mutum-mutumin jaririn Maryamu a sakarkari. Ta biyu, wadda ta fi dacewa da mutunta baƙo, ita ce tambaya. Mako ɗaya ko biyu kafin ya iso sai a aika masa saƙo: za ku so a sa bishiya, ko a bar gidan yadda yake? Tambayar a kan ado take tsayawa. Tun 2016 Airbnb ke sa masu amfani da ita su amince da ƙa'idar hana wariya, wadda ta haɗa da addini, don haka mai gidan da ya shiga binciken aƙidar baƙo ya ɗauko wa kansa magana. Wasu kuma kan bar bishiyar tsirara da kwalin kayan ado a gefe, yara su yi aikin da hannunsu idan suna so. Wannan dabara ce mai kyau, domin ga iyalai da yawa naɗa adon tare shi ne rabin bikin.

Gobara da sauran haɗurra

Ɗanyar bishiyar da aka saro tana buƙatar a zuba mata ruwa a gindi kullum. Idan ta bushe ta kama wuta, cikin daƙiƙoƙi take turnuƙe falo, kamar yadda gwaje-gwajen NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, suka nuna. Baƙon da ya zo hutu ba zai tuna da shayar da bishiyar wani ba, shi ya sa akasarin masu gidajen haya ke sayen ta roba. Kyandir ya fi haɗari. Ƙungiyar NFPA mai nazarin gobara a Amurka ta nuna cewa a watan Disamba gobarar kyandir ta fi yawa. A Ingila, tun 1 ga Oktoba 2023, wajibi ne mai gidan baƙi ya rubuta binciken haɗarin gobara na gidansa, kuma jagorar gwamnati ta ce kada a ajiye wa baƙi kyandir, a kuma hana su kunna nasu. Kyandir na batir ya maye gurbinsa.

Fitilun LED ba sa zafi kamar tsofaffin ƙwayaye, ba sa kuma cin wuta sosai. Duk da haka ba a jona igiyoyi barkatai a soket ɗaya, ba a bi da waya ta ƙarƙashin kafet, ba a fitar da fitilar cikin ɗaki waje inda ruwa zai taɓa ta. Na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta a kan lokaci tana ɗauke wa baƙo wannan nauyi. Baƙon da ya taho da fitilunsa daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, ya jona su a Turai mai bolt 230, zai ƙona su nan take. Ado kuma ba ya tare ƙofar fita, matakala, na'urar gano hayaƙi ko tukunyar kashe gobara.

Yara da dabbobi na da nasu haɗarin. Ƙwallon gilashin da ke reto a reshen ƙasa, daidai tsayin yaro mai rarrafe, abu na farko ke nan da hannunsa zai kai. Ƙaramin batir mai siffar maɓalli, irin na cikin kyandir na roba, idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaronsa cikin sa'o'i kaɗan, don haka sai wanda murfinsa ke ɗaure da sukuru ake ajiyewa. 'Ya'yan holly da mistletoe, tsirran da ake adon Kirsimeti da su, na da guba, zaren ƙyalƙyali kuma na toshe hanjin kyanwa.

Hoto, shara da kuɗi

Baƙo abin da ya gani a hoto ya biya. Idan talla ta nuna falo da bishiya ya zo bai same ta ba, ko ta nuna fili ya tarar an cika shi da tarkace, yana da abin faɗa, kuma ƙa'idar Airbnb ta ba shi sa'o'i 72 ya kai ƙara idan gida ya saɓa wa bayaninsa sosai. Masu gida kan ƙara hoto ɗaya ko biyu na adon su rubuta ranakun da zai kasance, su cire a Janairu. Gidan da har watan Yuli hotonsa na farko bishiyar Kirsimeti ce yana nuna sakaci.

Masu shara su ne ba a cika tambaya ba, alhali su ke ɗaukar wahalar. Tsakanin fitar baƙo da hantsi da shigowar wani da la'asar sa'o'i huɗu ko biyar ne, a ciki za a wanke banɗaki, a sauya zannuwa, a goge kicin. Garin ƙyalƙyali na maƙalewa a kujera da kafet har wata da watanni, kuma kowane ƙaramin abin ado ƙarin wurin ƙura ne. Ba a kuma rasa abin da zai karye, don haka mai gida ba ya kawo kayan gado ko abin da ransa ke kai. Akwai kuma dokokin ƙungiyoyin mazauna unguwa da na benaye, waɗanda kan iyakance fitilun waje da lokacin kashe su.

Azumi, Sallah da Disambar Najeriya

A Alƙahira fitilar fanus, wadda ake danganta asalinta da zamanin Fatimiyawa, da yadin khayamiyya mai zane-zane su ne alamar Ramadan, kuma gidajen baƙi kan rataya su. Amma baƙo mai azumi ya fi amfana da alamar alƙibla, dadduma mai tsabta, buta a banɗaki, dabino, da kicin ɗin da zai iya dafa sahur a ciki ba tare da neman tukunya ba.

A Najeriya irin waɗannan gidaje, da ake kira shotlet, sun yawaita a Lekki da Ikoyi a Legas, da Wuse, Maitama da Gwarinpa a Abuja, suna kuma yaɗuwa a Kaduna da Kano. Kasuwarsu ta fi ci a Disamba, lokacin da mazauna ƙasashen waje ke dawowa gida da lokacin bukukuwan aure. Haka ma Accra, musamman tun Shekarar Dawowa Gida da Ghana ta yi a 2019. Baƙin Abuja a wannan wata Musulmi da Kirista ne a cakuɗe, don haka tambaya kafin ado ta fi zama dole a nan. A ƙasar Hausa kwalliyar Sallah ba ta rataye-rataye ba ce: shara ce, sabon labule, sabon zanin gado da turaren wuta. Turaren na da kyau a yi shi kafin baƙo ya iso, a buɗe tagogi, a fita da kaskon. Barin garwashi a gidan da mai shi ba ya nan, a lokacin hunturu da komai ya bushe, ganganci ne. Fitilun ado kuma gara masu batir ko sola, domin sauyawa tsakanin wutar gari da janareta na lalata masu araha, kuma dare bayan dare waɗanda ake jonawa a soket suna rage cajin inbatar da baƙon ke dogaro da ita don fanka da firji.