Makarantun mishan: waiwaye kan ranar da albashin malami ya koma baitulmali

Da zarar zaɓe ya ƙarato, maganar nan sai ta taso a taron dattawan ikilisiya, wani lokaci har a kan bagadi ranar Lahadi: a mayar wa coci makarantunta. Legas ta mayar da wasu a 2001, Anambra ta mayar da firamare sama da dubu a 2011, shi ya sa namu na Arewa ke tambaya, mu laifin me muka yi? A ɗaya gefen akwai masu cewa da kuɗin jama'a aka raya makarantun nan, don haka na kowa ne. Ko rikicin hijabi na Ilorin a 2021, da ya kai ga rufe makarantu goma na wani lokaci, a kan wannan gaɓar ya tsaya: makarantar da mishan ta kafa, amma gwamnati ke biyan malamanta, wa ke da ita?

Yadda ake ba da labarin, sai ka ɗauka an wayi gari ne a shekarun 1970 aka ƙwace mabuɗai. Ni a ganina tun ran gini tun ran zane.

Farkon tarihin ba baƙo ba ne. 'Yan mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) sun iso a 1893, mishan ta SUM (Sudan United Mission) ta fara a Wase a 1904, Dokta Walter Miller na CMS, mishan ta cocin Angilikan, ya zauna Zariya a 1905, 'yan mishan ta Brethren daga Amurka suka sauka Garkida a 1923. Saboda alkawarin da Turawan mulki suka yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa addini ba, mishan ba ta samu sakewa a biranen masarautu ba, sai ta karkata Filato, kudancin Zariya, Binuwai da Adamawa. A 1929 tashar Zariya ta koma Wusasa, a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga Turawan mishan ɗin nan, musamman na SIM da SUM, ba su da ɗokin boko mai zurfi tun farko. Tsoronsu yaro ya iya Turanci ya bar ƙauye, ya tafi haƙar kuza a Jos ko aikin akawu a reluwe, duniya ta tafi da shi. Don haka ajin koyon addini suka fi buɗewa, da Hausa ko harshen gari: ka iya karanta Littafi, ka rubuta sunanka, ka ɗan taɓa lissafi. Katolika ce ta ɗauki makaranta a matsayin ƙofar shiga gari tun da wuri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da sojoji suka dawo daga Bama ido a buɗe, iyaye masu bi da kansu suka matsa lamba. Turanci suke so wa 'ya'yansu, da takardar shaida. In wannan mishan ba ta bayar ba, ga wata can a gari na gaba.

Makarantar boko ta gaske kuwa kuɗi take ci, baikon ƙauye ba zai ɗauke ta ba. A nan ne rahoton Sydney Phillipson na 1948 kan tallafin makarantu, da dokar ilimi ta wannan shekarar, suka shigo. Gwamnati za ta ɗauki kaso mai tsoka na ɗawainiya, amma da sharaɗi: malami mai takarda, manhajar da aka amince da ita, rajista, mai duba makarantu ya zo ya gani da idonsa. An yi gardama a cikin mishan kan karɓar kuɗin, wasu na ganin tarko ne. Daga ƙarshe akasari suka karɓa, kuma abin ya yi albarka. Gindiri, tashar SUM a Filato, wadda ta fara da horar da masu bishara a 1934, ta buɗe sakandaren maza a 1950. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mahaifina ya sha ba mu labarin yadda abin ya sauka a ƙauyenmu. Majami'ar laka ce guda ɗaya, ran Lahadi sujada, ran Litinin a juya bencina ta zama aji. Ƙararrawar ma tsohon ƙarfen taya ne rataye a itacen ɗorawa. Malamin shi ne mai bishara, shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, ladansa kuwa damin dawa da kwanon acca bayan kaka. Da aka amince da makarantar, maza suka yi gayya suka buga tubali, zumuntar mata suka yi ta ɗibar ruwa daga rafi, aka ta da azuzuwa huɗu. Aka turo sabon malami mai takarda, albashinsa na zuwa ƙarshen wata ta hannun manajan mishan, amma asalinsa daga baitulmali. Mai duba makarantu in ya zo, rajista yake nema, ba ruwansa da ayar hadda. Baba yakan ce tun daga ranar bango ya zama namu, malami ya zama nasu, mu ne dai ba mu lura ba.

Sauran duk bin sawu ne. Rahoton Oldman na 1961 da dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962 suka haifar da hukumomin ilimi na yanki, waɗanda har gobe muke kiran makarantunsu LEA, kuma a hankali firamaren mishan da yawa suka koma ƙarƙashinsu. Akwai kuma gaskiyar da ba ma son ji: malamai Kiristoci da dama sun yi maraba da sauyin. Takarda ɗaya da abokinsu na gwamnati, amma shi yana da tabbacin fansho da ƙarin girma, su kuwa ana iya sallamarsu a kan ƙwaryar burkutu ko ƙarin aure. Don haka da Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantu a 1970 bayan yaƙin basasa, jihohin Arewa suka biyo baya, ƙasa ta riga ta jiƙa. St. John's ta Kaduna ta zama Rimi, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kufena. Canjin sunan nan ya yi wa mutane ciwo ƙwarai, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin ya taɓa siyasa ma. Mishan ta daɗe tana koyar da cewa siyasa harkar duniya ce, amma 'yan makarantunta ne suka fara ɗaga murya: Dokta R.A.B. Dikko ɗan Wusasa a shugabancin Jam'iyyar Mutanen Arewa, Fasto David Lot a Middle Zone League, ƙungiyar siyasa ta ƙabilun tsakiyar Najeriya. Joseph Tarka na jam'iyyar UMBC ta yankin tsakiyar Najeriya ma daga aikin koyarwa ya fito. Malamin ƙauye shi ne bakin jama'arsa. Da ya zama ma'aikacin gwamnati sai bakin ya yi nauyi, maganar al'umma ta koma wuyan fastoci da bishop-bishop. A 1976 aka kafa CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, shekarar da aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE.

Yau coci-coci sun gina sabbin makarantu, har da jami'o'i, ba da tallafin gwamnati ba, shi ya sa kuɗinsu ya fi ƙarfin jikokin waɗanda suka buga tubalin farko. A wani taron ikilisiyarmu bara, ana cikin zafin maganar a mayar mana, wani dattijo, tsohon hedimasta, ya nemi ma'aji ya karanto baikon wata guda. Da aka faɗa, ya ƙirga da yatsu, ya ce bai kai albashin malamai uku ba, makarantar kuwa na da goma sha biyu. Wani ya ce ai a Anambra an yi, kuma ya yiwu. Dattijon ya ce ƙwarai, amma a can gwamnati ce ta ci gaba da biyan malaman, coci na riƙe da mabuɗai, wato tsarin 1948 ke nan aka koma.