Shirin malamai don rufe makarantu a lokacin annoba

Shirin malamai don rufe makarantu shi ne tanadin da malami ke yi tun makaranta na buɗe, domin kada karatu ya tsaya cak idan hukuma ta sallami ɗalibai saboda ɓarkewar cuta. Umarnin rufewa kan zo ne babu zato babu tsammani, wani lokaci da tazarar kwana ɗaya ko biyu.

Tarihi

A annobar murar 1918 biranen Amurka da dama sun rufe makarantu na makonni, amma New York da Chicago suka bar nasu a buɗe, ana duba lafiyar yara a aji.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Chicago a watan Satumbar 1937, lokacin da cutar shan inna ta hana komawa makaranta. Yara kusan 315,000 suka koma ɗaukar darasi ta rediyo. Malamai ne suka tsara darussan, kowanne na minti 15, jaridu kuma suna buga jadawalin don yaro ya san tashar da zai kama da lokacin ajinsa. An ajiye malamai a bakin tarho suna amsa tambayoyin iyaye. Shirin bai cika mako uku ba, amma tun a lokacin aka gano matsalar da har yau ba ta kau ba: akwai gidajen da ba su da rediyo, akwai kuma masu yara da yawa da akwatin rediyo ɗaya.

Ebola ta raba yara wajen miliyan 5 da makaranta a Gini, Laberiya da Saliyo a 2014. Saliyo ta fara darussan rediyo wajen watan Oktoba. Gini ta buɗe makarantu a Janairun 2015, Laberiya a Fabrairu, Saliyo sai a Afrilu, kuma malamai ne suka tsaya a bakin ƙofa da ma'aunin zafin jiki da bokitin wanke hannu. 'Yan mata da yawa ba su dawo ba, wasu saboda juna biyu.

A 2020 korona ta shafi karatun ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190, bisa ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya. UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar, ta ce aƙalla yara miliyan 463 ba su samu karatun nesa ba. Yuganda ba ta buɗe makarantunta gaba ɗaya ba sai a Janairun 2022.

Abin da malami ke tanada

Na farko shi ne rajistar aji mai lambar wayar iyaye ko wani makusanci, da bayanin abin da kowane gida ke da shi: rediyo, ƙaramar waya, ko intanet. Wannan takarda ta fi kowace manhajar waya amfani, don malamin da ba shi da hanyar samun ɗalibinsa ba abin da zai iya koya masa.

Sai ya ware jigon darussan zango, musamman karatu da lissafi, ya shirya aikin gida na mako biyu ko uku a rubuce, wanda yaro zai iya yi shi kaɗai ko da iyayensa ba su yi boko ba. Littattafai kada a kulle su a ofis. A raba wa yara ranar sallama. Ya kuma san yaran da suka fi fuskantar haɗarin barin makaranta, ya riƙa tuntuɓarsu.

A fannin lafiya, aikinsa gane alamun cuta, sanar da hukuma, da isar da bayanin ma'aikatan lafiya ba na jita-jita ba.

Bayan dawowa

Ana fara gwada yara a ga inda kowa ya tsaya kafin a ci gaba da manhajar karatu.

Saɓanin masana

Masana sun sha bamban kan ko rufe makarantu na rage yaɗuwar cuta. Hujja ta fi ƙarfi a kan mura, inda yara ke yaɗa ta sosai. A kan korona kuwa ana ci gaba da muhawara.