Shin akwai shekarun da idan ka kai banki ba zai karɓi gidan hayarka jingina ba?

Wannan tambaya tana yawan tasowa a tsakanin iyayenmu da suka yi ritaya a nan Abuja, mutum yana da ɗan gidan haya a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya, yana so ya sake jinginar da shi a banki ya karɓi kuɗi, ko don ya biya tsohon bashin da ke kan gidan, ko ya ƙara ɗakuna, ko ya aurar da yara, sai a ce masa ai Baba ka wuce shekara 60, doka ta hana. Toh gaskiyar magana babu dokar da ta ce ɗan shekara 65 ko 70 ba zai jinginar da gidansa ba. Abin da ake da shi ƙa'ida ce ta masu bada bashin, kuma kowa da tasa.

Inda aka samo zancen shekara 60 shi ne asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda aka kafa da dokar 1992, bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ne ke riƙe da shi. Ana cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi, bayan wata shida yana zubi zai iya neman bashi da ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. Amma wannan 30 ɗin ba ta kowa ba ce, ana duba shekarun da suka rage maka ne kafin ritaya, kuma ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki ne a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Kaga ɗan shekara 55 abin da ya rage masa biyar ne kawai.

Ku duba yadda wannan ke canza lissafi dan Allah. Naira miliyan 10 da ruwa kashi 6, idan shekara 30 za a biya, duk wata wajen dubu 60 ne. Kuɗin nan dai, ruwan nan dai, a ce shekara 5, ya koma sama da dubu 190 a wata. Kuma ba a so abin da kake biya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samunka, wato sai mai samun kusan dubu 580 a wata kenan, wane ɗan fansho ne ke ganin wannan? Ba a ce maka a'a ba, amma an taƙaita lokacin har ya zama ba za ka iya ba. Sannan shi bashin NHF an yi shi ne don gidan da za ka zauna, ba na zuba 'yan haya ba, don haka mai gidan haya sai dai ya nufi bankunan kasuwa ko bankunan lamunin gidaje, inda ruwan ya ninka wancan nesa ba kusa ba.

Su kuma bankunan nan abin da suke tsoro a fili yake, albashi ya tsaya, kuɗin haya a Abuja shekara-shekara ake biya alhali su duk wata suke so, ɗan haya na iya cewa oga a ƙara haƙuri har wata huɗu, ga inshorar rai da suke sa wa mai karɓar bashi wadda tsadarta ke hawa da shekaru. Ko a Ingila da suka fi mu wannan harka haka abin yake, doka ba ta yanka shekaru ba, kowane banki ne ke yanka nasa, kuma a gidan haya sun fi duba ko hayar za ta rufe biyan bashin har da rara. Ni a ganina nan ne bankunanmu suke gazawa, dattijon da ke da gida cike da 'yan haya masu biya ya kamata a auna gidan, ba furfurarsa kaɗai ba.

Masu tunanin taɓa kuɗin fansho, ƙa'idar da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar a 2022 ta yarda a ciri har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonka a yi kuɗin somin-taɓi na sayen gida, amma idan abin da ya rage maka kafin ritaya bai kai shekara uku ba baka ciki, kuma ita ma ta gidan zama ce.

Abin da ya fi kayar da mutane ma takarda ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce jingina sai da amincewar gwamna, a Abuja kuma minista ne, ta ofishin AGIS mai kula da takardun filaye ake bi. Idan gidan a Mararaba yake ko Masaka to ka sani Nasarawa ce, Lafiya ke da ta cewa. Wanda takardar mai unguwa kawai yake riƙe da ita babu C of O, wato takardar mallaka ta gwamnati, ko yana ɗan shekara 35 banki ba zai saurare shi ba.

Wanda baya son ruwa akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ, sai dai su ma za su tambayi shekaru da hanyar biya. Kuma kafin Baba ya sa hannu a zaunar da yara su sani, domin bashi baya mutuwa da mai shi, sai an biya shi kafin a raba gado, idan ba a biya ba banki na da ikon sayar da gidan.