Me ya sa takardar da aka tsara a Madina take wargajewa a Kano?

Ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina sun san wannan ciwon kai. Mutum ya gama tsara bahasinsa, ya tura gida a buga masa, sai a buɗe a tarar shafuka sun goce, hashiya ta hau kan matani, Larabci da boko sun cakuɗe.

Ina matsalar take?

Yawanci tana cikin tsarin da aka adana fayil ɗin. Fayil ba kalmomi kaɗai yake ɗauke da su ba, har da umarnin inda kanu zai zauna, faɗin gefe, da layin da zai fara daga dama. Tsohon tsarin .doc, wanda manhajar rubutu ta Word ke adana fayil da shi a da, sirrin kamfanin Microsoft ne shekara da shekaru, sauran manhajoji kuwa sai lalube suke yi wajen karanta shi.

Ana cewa mafita ita ce buɗaɗɗiyar ƙa'ida. Mece ce ita?

Tsari ne da aka wallafa bayaninsa gaba ɗaya, kowa na iya gina manhaja a kansa ba tare da biyan kowa ba, kuma ba kamfani ɗaya ke juya shi ba. Misalinsa OpenDocument, mai fayil .odt. Ƙungiyar OASIS, mai tsara ƙa'idojin fasahar kwamfuta, ta amince da shi a 2005, hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta karɓe shi a 2006 da lamba 26300. Shi manhajar ofis ta kyauta, LibreOffice, ke amfani da shi, kuma Word ma yana buɗe shi.

To ai .docx, tsarin Word da ya gaji .doc, shi ma yana da hatimin ISO?

Haka ne, ya samu a 2008 bayan taƙaddama mai zafi. Sai dai bayaninsa ya kai shafi kusan 6,000, kuma nau'in da Word ke adanawa kullum yana jan kayan tsoffin manhajojin kamfanin. A ganina ƙa'idar da mai ita kaɗai ke iya cika ta daidai ba ta gama buɗewa ba.

Me ya dame ni, tunda kowa Word yake da shi?

Yau ne kowa yake da shi. WordPerfect, wata tsohuwar manhajar rubutu, shi ma ya yi zamaninsa, yanzu je ka nemi mai buɗe maka fayil ɗinsa a shagon buga takardu. Bahasi, wasiyya da takardar rabon gado ana son jikoki su karanta su, kamfani kuwa yana iya sauya tsari ko ya ƙara kuɗin lasisi. Gwamnatin Birtaniya ta zaɓi OpenDocument a 2014 don takardun da ake aiki a kansu tare.

PDF fa?

Idan bugawa kawai za a yi, tura PDF, domin ba ya gocewa. Amma malamin da zai yi maka gyara yana buƙatar fayil mai gyaruwa.

Da .odt shi ke nan an huta?

A'a. Idan salon haruffan da ka yi ayoyi da shi babu shi a kwamfutar wancan, shafi zai motsa duk da haka. Haka ƙ, ɗ da ɓ: in ba da Unicode, wato tsarin haruffa na bai ɗaya da kwamfutoci ke amfani da shi, aka rubuta su ba, wasu alamomi za su koma.